Rairayi mai ruwan hoda

A Dumega, cikin Dallol Mauri, rairayi fari-fari ne. Duwatsun Dogon Dutsi kuwa jajaye ne, don ƙarfen da ke cikinsu ya yi tsatsa.

Can nesa, cikin tekun Atlantika, akwai tsibiran Bahamas. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye. A bakin ɗayansu akwai rairayi mai ruwan hoda, tsawon kamar kilomita 5. Shi ba ƙarfe ya rina shi ba. Wasu ƴan halittu ne ke zaune cikin teku, ƙanana kamar ƙwayar gero, masu jan ɓawo. In sun mutu, sai igiyar ruwa ta farfasa ɓawon, ta gauraya shi da farin rairayi. Inda rairayin ya jiƙe, nan launin ya fi fitowa.

Baƙi suna zuwa kallo daga ƙasashe da yawa. Amma ba kowane baƙo ke tsayawa ga kallo ba, wani sai ya cika kwalba ya tafi gida. Haka aka yi ta yi a tsibirin Budelli na Italiya, har launin ya fara koɗewa. Tun shekarun 1990 hukuma ta hana taka wurin, sai dai a hango shi daga nesa.