Gyaran gida bayan gobara: abin da ya kamata ku sani

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa, zai ga arzikin kaka a fili: karan dawa da na gero a jingine tsibi-tsibi a bayan gidaje, harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗakuna da rassan bishiya. A wannan lokacin ne iskar hunturu ke busar da komai ƙayau, sanyi kuma ya sa ana shiga ɗaki da kaskon garwashi. A garuruwa irin su Yankamaye da Dumbulum da Gurun, inda dangar wannan gida ita ce dangar maƙwabcinsa, tartsatsi ɗaya kan isa ya cinye gidaje kafin a gama tara jama'a da bokitai.

Ana yawan wa'azi a kan yadda za a kauce wa gobara. Abin da ba a cika bayani a kansa ba shi ne aikin da ke gaban mai gida bayan 'yan jaje sun yi "Allah ya mayar da alheri" sun watse. Gobara ta fi yawa da rani, kuma tsakaninta da ruwan farko na Mayu ko Yuni 'yan watanni ne. Duk ɓarnar da aka rufe da yaɓe ko fenti ba a gyara ta ba, ruwan Agusta zai tona ta, wani lokacin a kan mutanen da ke barci.

Kwanakin farko

A fara da mutane. Wanda ya shaƙi hayaƙi yana iya tashi garau, sai bayan sa'o'i maƙogwaronsa ya kumbura numfashi ya gagara. Idan murya ta dishe, ko ana tari da baƙin majina, ko gashin hanci ya babbake, ko ciwon kai da jiri sun ƙi tafiya, a kai shi asibiti a ranar, musamman yara da tsofaffi da masu juna biyu. Hayaƙin katifar soso da na roba yana ɗauke da guba mai saurin kisa, ba ɗaya yake da hayaƙin kara ba. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi mai tsabta ake kwarara mata na kimanin minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja. Ƙunar da ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska da hannu da gaɓoɓi, aikin ƙwararru ce, kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen masu ƙuna.

Kada kowa ya kwana a ɗakin da ya ƙone, ko da ana ganin wuta ta mutu murus. Garwashi yakan ɓuya a cikin katifa da buhunan hatsi da zanar da ke tsakanin azara da ƙasar rufi, yana ci a hankali har kwana ya zagayo, sai iska ta taso ya sake kamawa. A fitar da irin waɗannan kaya fili, a baje su, a sa wanda zai yi gadi a daren farko da ruwa a kusa da shi.

Akwai wani haɗari da manomi ya fi kowa kusa da shi. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa a buhun wake ko masara, wadda aka fi sani da fostoksin, idan ruwa ya taɓa ta tana fitar da iska mai guba wadda kuma take iya kamawa da wuta. Ɗakin ajiyar da aka sheƙa wa ruwa alhali akwai wannan ƙwaya a ciki, a buɗe ƙofa da taga a nisance shi har ya sha iska sosai, a hana yara da dabbobi kusantarsa. Tukunyar gas da wuta ta lasa kada a sake kai ta a zuba mata gas. Batirin sola da ya kumbura ko ya narke a fitar da shi fili nesa da kara, domin yana iya sake kamawa da kansa.

Kafin a kwashe ko tsinke, a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a rubuta abin da aka rasa. Sannan a sanar da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, magana ta isa ga hakimi da ƙaramar hukuma. Ta wannan hanyar ce labari ke kai wa ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kano, kuma masu tantance ɓarna abin da suka gani da abin da aka rubuta suke aiki da shi. Idan jami'an kashe gobara sun zo, a nemi rahotonsu a rubuce.

Bango da rufi

Nan ne ya kamata kuɗi da hankali su fi tafiya. Ginin ƙasa da ginin bulo ba iri ɗaya wuta take musu ba.

Bangon ƙasa yana da juriyar wuta ƙwarai, don ƙasa ba ta ci. Abin da ke kayar da shi shi ne ruwan da aka kashe wutar da shi. Ruwan yakan taru a gindin bango ya jiƙa tubalin ƙasa, bango yana tsaye kamar lafiya lau, bayan kwanaki ya zube. A yi wa ruwan hanya ya fita, a kwashe jiƙaƙƙiyar toka daga gindin bango, a bar shi ya bushe. Magini zai soka ƙusa ko wuƙa a gindin: idan ta shige ba wahala, wurin ya ruɓe, sai a tokare bangon a sake gina wannan sashe. Tsagar da ta ratsa daga waje zuwa ciki, ko kusurwar da bango biyu suka rabu, ba a toshe ta da laka a wuce. Yaɓen da ya gasu kuwa yakan yi ja ya riƙa ɓarewa, sai a kankare shi har a kai ga lafiyayyar ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a yi sabon yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ramno ta kwana. Inda ake samun makuba, ita ce ta dace da bangon ƙasa. Shafen siminti a kan irin wannan bango yakan rabu da shi, ruwa ya shiga tsakaninsu ya yi ta ci ba a gani.

Azara ta fi wuyar sha'ani. Itace idan ya kama, gawayin da ya yi a sama yakan kare cikinsa, shi ya sa azarar da ta yi baƙi ƙirin ba lalle ta mutu ba. A kankare gawayin da adda har a ga jikin itace, a duba kaurin da ya rage. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne bakin azarar da ke binne cikin bango, domin a nan take ɗaukar nauyi, a nan kuma wuta kan laɓe ta cinye ta ba a sani ba. Rufin ƙasa yana da nauyi, kuma idan ya sha ruwan damina nauyinsa ƙaruwa yake yi. A ganina, soron da azararsa ta lanƙwashe ko bakinta ya ci, sauke rufin gaba ɗaya ya fi araha a kan a yi masa kwaskwarima.

Bulo kuma akasin haka ne: ana ganin ya fi ƙarfi, amma zafi yana karya shi daga ciki. Siminti yakan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salsiyas, kuma sau da yawa alamar ita ce launinsa ya koma ja-ja. Ruwan sanyi a kan bulo mai zafi yana ƙara tsattsaga shi. A ɗauki ƙaramar guduma a bi bangon ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri ƙararsa a tsaye take, wanda ya gasu kuwa sai a ji kamar fanko, ko ya riƙa zuba kamar gari. A fi lura da saman ƙofa da taga, da ginshiƙai. Inda kankare ya fashe har rodi ya fito, ko dakin, wato rufin kankare, ya ƙone a gidan bene, injiniya ne zai yanke hukunci.

Kwanon rufi yana da wani shafi a jikinsa da ke hana shi tsatsa, kuma wannan shafin yana narkewa a wajen digiri 420. Kwanon da ya dushe ko ya yi ja, ko da bai huje ba, ba zai daɗe ba zai fara yoyo. A ajiye shi don danga ko garken awaki. Katakon rufin da ya babbake ba ya riƙe ƙusa, kuma kowa ya san irin iskar da ke zuwa da hadarin farkon damina a ƙasar Kano. Idan silin ɗin tsohon allon asbesto ne ya farfashe, a jiƙa shi da ruwa kafin a kwashe, a sa takunkumi, a binne shi, domin ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru.

Wayar lantarki duk wadda ta bi ta ɗakin da ya ƙone a canza ta, har wadda ke cikin bango. Robar jikinta takan ƙandare ta tsage a inda ido ba ya gani. Mita da wayar da ta sauko daga turke aikin kamfanin wutar lantarki na KEDCO ne, kada a sa yaron unguwa ya hau ya haɗa.

Baƙin hayaƙi da ƙauri

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da ruwa. Ruwa yana tura kunkunniya cikin jikin bango ta zauna daram. A fara kaɗe ta a bushe da tsintsiya mai laushi ko busasshen tsumma, da takunkumi a fuska da safar hannu, domin jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata. Bayan haka a wanke da ruwan ɗumi da omo, kaɗan-kaɗan, ana ɗaurayewa. Ruwan kanwa yana taimakawa wajen cire baƙin da ke da maiƙo. Sai bango ya bushe sarai a yi fenti, kuma fentin ruwa shi kaɗai ba ya riƙe tabon hayaƙi, bayan 'yan makonni zai sake ɓullowa. A fara da shafin fentin mai a wuraren da suka yi baƙi. Bangon ƙasa kuwa sabon yaɓe da farar ƙasa sun wadatar.

Hayaƙin silin roba da na wayar lantarki yana barin wani abu mai cin ƙarfe idan ya haɗu da laima. Keken ɗinki, injin markaɗe, babur, injin ban ruwa, a goge su da wuri a shafa musu mai. Tufafi a wanke su daban, sau biyu ko uku, a shanya a rana. Katifa da matashin da hayaƙi ya ratsa ba sa dawowa. Turaren wuta rufe ƙauri yake yi na ɗan lokaci, abin da ke fitar da shi shi ne kwashe duk abin da ya ƙone, da barin iska ta ratsa ɗakin kwana da kwanaki. Alƙur'ani da littattafan addini da alluna da suka ƙone a tattara su a binne a wuri mai tsarki.

Hatsi

Wannan ce asarar da ta fi ciwo, don abincin shekara ne. Damin da wuta ta lasa gefensa ana iya ware wanda ya ƙone a sussuke sauran. Wanda ruwa ya jiƙa a baje shi a rana a ranar, a yi ta juyawa har ƙwayar ta bushe ƙamas. Masara da gyaɗa idan suka yi fumfuna suna haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Irin wannan ba a ba dabbobi ma, don gubar tana bi ta nono. Hatsin da ya ƙone tare da taki ko maganin feshi ko fetur a haƙura da shi. Iri kuma, kafin a dogara da shi, a ƙirga ƙwaya 20 a shuka a kasko a ga nawa za su tsiro, tun da sauran lokacin neman wani.

Takardu da gudummawa

Lambar NIN ba ta ƙonewa, ana iya sake fitar da takardarta. Katin zaɓe a ofishin INEC ake neman madadinsa. Takardun makaranta da na banki galibi za a nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu. Wadda ta fi gaggawa a karkara ita ce takardar cinikin gona ko gida: a tara shaidu a gaban dagaci a sake rubuta ta tun suna raye. Takardun kuɗin da suka ƙone rabi-rabi kada a zubar, kada kuma a yi ta ɓamɓare su, a kai su banki yadda suke, domin Babban Bankin Najeriya yana da tsarin duba irin su.

Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ake ta maganar inshora, kuma yanzu akwai kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. Amma a ƙauye har yau abin da ke tayar da gida shi ne gayya da gudummawar 'yan uwa da abin da aka tara a masallaci. Tunda kuɗin ba ya isa komai, a jera bukata: rufi da bango, sai waya, sai abinci, fenti ya zo daga baya. Sai dai a tuna kayan ɗakin matar gida dukiyarta ce, sau da yawa ita ce duk abin da iyayenta suka tara mata. A rubuta asararta da sunanta, a ware mata kasonta a cikin abin da aka samu.

Wajen sake gini, kada a mayar da komai inda yake. A matsar da tarin kara da harawa nesa da ɗakunan kwana da madafa, a fitar da jarkar fetur daga ɗaki. Idan tagogi na da ƙarfen tsaro, a sa mai walda ya yi wa taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ƙarfe mai buɗewa daga ciki, a rataye makullin kusa da ita inda hannun yaro ma zai kai.