Abin da ke sa wasan kwamfuta cijewa, da yadda ake gano shi kafin a kashe kuɗi

A Nyanya, garin da ke bakin iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, gidajen wasan bidiyo na cikin ƙananan sana'o'in da matasa ke ci da su. Ana biya ne kan kowane wasa ko kan lokaci, don haka na'urar da ke cijewa ana tsakiyar fafatawa asara ce kai tsaye. Wanda aka ci zai ce na'ura ce ta cuce shi, a yi ta gardama kan biyan kuɗi, gobe kuma ya nemi wani shago.

Wasan ƙwallon ƙafa, irin su EA Sports FC da eFootball, shi ne ya fi karɓuwa a irin waɗannan wurare. Kujerar kwaikwayon tseren mota, mai sitiyari da birki da totur, ba ta kai shi yaɗuwa ba saboda tsada. Sai dai ita ce ta fi saurin tona asirin na'ura mai matsala, shi ya sa ta fi dacewa da misali.

Abin da mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, su ce wasa ya yi nauyi, a haƙiƙa cuta uku ce. Akwai cijewar hoto, inda motsi ke tsayawa na ɗan ƙiftawar ido sannan ya zabura. Akwai jinkirin amsa, inda hoto ke tafiya sumul amma a murɗa sitiyari motar ba ta juya ba sai daga baya. Akwai kuma jinkirin intanet, inda motar abokin karawa ke ɓacewa ta ɓullo a wani wuri. Kowace da asalinta, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya aiki. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a garzaya Banex Plaza da ke Wuse 2 a sayo sabon katin hoto alhali ƙura ce ta toshe fanka.

Motsin da ido ke gani a allo jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri. Idan kwamfuta na fitar da hotuna 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto yana da milisakan 16.7, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A hotuna 30 lokacin ya zama 33.3, a 144 kuma ya sauko zuwa kimanin 7. Lambar da wasa ke nunawa a kusurwar allo matsakaici ce, kuma matsakaici yana ɓoye laifi. Kwamfuta na iya nuna 60 alhali hoto guda a cikinsu ya ɗauki milisakan 100 kafin ya fito. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa, ke nan a wannan ɗan tsaikon ta yi tafiyar mita biyar da rabi, fiye da tsawon jikinta, direba bai gani ba. A bakin kwana, wannan shi ne bambancin taka birki a kan kari da faɗawa katanga.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A cire wasan daga intanet, a buga shi da kwamfuta kaɗai. Idan har yanzu yana cijewa, laifin yana cikin na'ura. Idan ya tafi daidai, sai an shiga karawa ta intanet ne abin ke lalacewa, to babu dalilin kwance ko dunƙule ɗaya.

Zafi da ƙura

Idan wasa ya fara lafiya, sai bayan minti 15 ko 20 ya soma rarrafe, zafi ne abin zargi na farko. An ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, da katin hoto yadda za su rage gudu da kansu idan zafi ya kusa iyaka, don kada su ƙone. A yawancin na kamfanin Intel iyakar tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, a sababbin Ryzen na kamfanin AMD kuwa 95 ce. Na'urar ba ta lalace ba, kare kanta take yi.

Yanayin Abuja yana taimaka wa wannan matsala ta fuska biyu. Hunturu yana cika na'ura da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu da zafin da kan kai digiri 37 ko fiye. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, kuma iskar shago mai rufin kwano, cike da mutane, ƙofa a rufe saboda hasken rana, ta fi ta waje zafi. Na'urar da aka ajiye a ƙasa ko aka cusa cikin akwatin katako don gudun ɓarayi tana shaƙar iskar da ta fitar ne.

Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da MSI Afterburner suna nuna zafin kowane sashe da gudunsa ana cikin wasa. Idan aka ga zafi ya hau, gudu kuma ya faɗi a daidai lokacin da hoto ya cije, an kama ɓarawo. Sai a kashe na'ura, a zare ta daga wuta, a hure ƙurar, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kwamfutar da ta shekara uku ko huɗu, musamman ta hannu da aka shigo da ita daga waje, galibi man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, kuma sauya shi ba ya kai kuɗin cin abincin mako ba. PlayStation 4 da fankarta ke kuka kamar injin niƙa ita ma wanki take nema.

Batun wuta yana buƙatar a rarrabe. Kwamfutar tebur ba ta cika rage gudu saboda raunin wutar AEDC ko ta janareta ba, mutuwa take yi ko ta sake tashi da kanta, kuma maimaita hakan yana kashe akwatin wutarta ko ya lalata bayanai. Ta tafi-da-gidanka ce ke rage ƙarfi nan take idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir. Haka take yi idan aka sa mata cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba, abin da ya zama ruwan dare tunda da yawa ana sayen su ne ba tare da cajarsu ba. A duba adadin watt da ke rubuce a jikin caja a gwada da abin da kamfani ya ƙayyade.

Idan zafi da wuta sun fita daga zargi, sai a dubi ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa ba ya iya miƙo taswirar hanya da saurin da wasannin yanzu ke buƙata, SSD kuwa yana iyawa. RAM mai gigabait 8 ta yi wa manyan wasannin yau kaɗan, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗewa. Akwai kuma cijewar da ba laifin kowa ba ce a shago: wasanni da yawa suna shirya wasu lissafe-lissafen haske da inuwa ne a karon farko da aka shiga sabon wuri, sai a ji tsaiko a zagayen farko, ya ɓace a na biyu. Wannan haƙuri kawai yake so.

Wasan kwaikwayon tsere yana da nasa nauyi na daban. Assetto Corsa, wanda kamfanin Kunos Simulazioni na Italiya ya fitar a 2014, yana lissafa halin taya da sifirin da nauyin mota sau 333 a kowace daƙiƙa, kuma CPU ne ke wannan aiki. Duk motar da aka ƙara a fili ƙarin kaya ce a kansa. Wanda wasansa ke cijewa a farkon tsere, lokacin da motoci 24 suka cunkushe a kwanar farko, ya rage su zuwa 12 ya gani. Idan abin ya warware, sabon katin hoto ba zai amfana masa komai ba.

Jinkirin amsa kuwa sau da yawa a talabijin yake. Talabijin na zamani yana gyara hoto kafin ya nuna shi, gyaran kuma na iya cin gomman milisakan, wani lokaci ya haura 100. Kusan kowanne yana da tsarin wasa a cikin saitinsa, wanda ke kashe wannan kwalliya. Tsarin V-Sync yana hana hoto yagewa amma yana ƙara jinkiri, an gudu gara ke nan an faɗa gidan zago. G-Sync na Nvidia da FreeSync na AMD sun rage wannan matsala ga mai allon da ke karɓarsu. Sitiyari irin Logitech G29 kuma a soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, kada a bi da shi ta mahaɗar USB da ke ɗauke da wasu kaya.

Nisa da cunkoso

Duk mai bin hanyar AYA zuwa Nyanya da Mararraba da yamma ya san faɗin titi daban, lokacin isa gida daban. Haka intanet take. Yawan megabit da kamfani ke tallatawa faɗin titi ne. Abin da wasa ya damu da shi shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan ya dawo, wanda 'yan wasa ke kira ping. Wasan tsere ba ya cin data mai yawa, amma ba ya yafe jinkiri.

Wani ɓangare na wannan jinkiri ba shi da magani. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi. Wayar MainOne ta ƙarƙashin teku, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kaɗai milisakan 70 ne, ba a sa tafiyar Abuja zuwa Legas ba, ba a sa ta Fotugal zuwa Landan ko Frankfurt ba. Shi ya sa ɗan wasan Nyanya da ke karawa a kan babbar kwamfutar Turai zai ga lambarsa ta haura 100 ko da layinsa ba shi da aibi. Zuwan 5G na MTN a 2022 da Starlink a Janairun 2023 sun gyara ƙarshen hanya, amma ba su matso da Turai kusa ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, babu saitin da wani mai shago zai taɓa ya tsira.

Manya ma ba su kuɓuta ba. A Janairun 2023, Max Verstappen, zakaran duniya na Formula 1 a wancan lokacin, yana kan gaba a tseren Le Mans na awa 24 da ake yi ta intanet a manhajar rFactor 2 sai haɗinsa ya yanke, daga ƙarshe ya fice daga tseren cikin fushi.

Abin da ke hannun mai shago shi ne daidaituwar layi. Ping mai tsayawa a 130 ya fi wanda ke tsalle tsakanin 60 da 300, domin wasa na iya hasashen inda mota za ta kasance idan jinkirin bai sauya ba. Tsallen yakan fito ne daga Wi-Fi, ko daga wayoyin abokan ciniki da ke kallon bidiyo a kan layi ɗaya, ko wata na'ura da ke sauke sabuntawa a ɓoye, ko kuma turken sadarwa da ya cika da yamma lokacin da ma'aikata suka dawo daga cikin gari. Waya daga na'urar rarraba intanet zuwa kwamfuta tana kawar da na farko. Raba layin wasa da na jama'a yana kawar da na biyu. Sabuntawa kuma a bar ta sai dare ya yi nisa. Idan wasan ya ba da zaɓin yanki, a gwada Turai da Afirka ta Kudu duka a duba lamba, domin kusanci a taswira ba shi ne kusanci a waya ba.

Idan bayan duk wannan ya tabbata katin hoto ne ya gaza, kuma na hannu za a saya, kada a biya don kawai ya nuna hoto a shagon mai sayarwa. A sa masa wasa mai nauyi na tsawon rabin awa, HWiNFO a buɗe, a ga inda zafinsa zai tsaya da yadda fankokinsa ke juyawa.