Dalilan da ke hana tsofaffin hannu a wasannin intanet koyon sabon wasa

A Ojoo, mashigar Ibadan ga manyan motocin da ke tahowa daga Arewa, da unguwar Sabo wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wasa na cikin abubuwan da ke rage wa direbobi da 'yan kasuwa zaman jira. Dattawa na kan dara, matasa na kan waya. Sai dai ɓangarorin biyu sun yi tarayya a hali guda: wanda ya ƙware a wasa ɗaya ba ya saurin yarda ya koyi wani.

Wannan hali ya fi fitowa fili a wasannin rubutu na intanet, waɗanda mutane da yawa ke bugawa a lokaci guda. Ana danganta asalinsu da wasan MUD, wanda Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex da ke Ingila a 1978, daga baya Richard Bartle ya faɗaɗa shi. Babu hoto a cikinsu. Ɗan wasa zai rubuta umarni, kwamfuta kuma ta bayyana masa a rubuce inda ya shiga da wanda ya tarar. Saboda haka ba su cin data sosai, amma suna buƙatar haddace umarni masu yawa.

Dalili na farko shi ne lokacin da aka riga aka zuba. Mutum kan shafe shekaru yana tara matsayi da dukiyar cikin wasa da suna, kuma babu ɗaya daga ciki da zai bi shi zuwa sabon wasa. Wanda ake neman shawararsa jiya sai ya koma mai tambayar ina ƙofa take, abin da ke da nauyi ga duk wanda ya saba da girma.

Na biyu, hannu ya riga ya saba. Kowane wasa na da nasa kalmomin umarni da gajerun hanyoyinsa, har yatsu kan rubuta su ba tare da tunani ba. A sabon wuri, wannan sabo shi ke jawo kuskure. Ga Bahaushen da ya sha wahalar haddace umarnin wasa ɗaya da Turanci, sake sabon lale wahala ce ninki biyu.

Na uku shi ne jama'a. A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman matsayi, masu bincike, masu zumunci da masu son doke wasu. Mai zumunci ba dokokin wasa ne ke riƙe shi ba, abokai ne. Waɗanda suka yi zamanin ɗakunan hira na 2go a Najeriya sun san cewa mutum ba ya ƙaura sai abokan hirarsa sun ƙaura.

Na huɗu, wasan farko kan zama ma'auni. A wata maƙala ta 2004, Bartle ya yi bayanin cewa 'yan wasa na auna duk wasan da suka shiga da wanda suka fara saninsa, don haka kowane bambanci sai su ɗauke shi aibi. Manyan kamfanoni ma sun ga haka. A 2013 kamfanin Jagex ya dawo da tsarin RuneScape na 2007 bayan ƙuri'ar 'yan wasa, a 2019 kuma Blizzard ya fitar da World of Warcraft Classic domin masu begen tsohon tsari.

Wannan turjiya tana da illa ta fuska biyu. Sabon wasa na rasa gogaggun da za su koya wa baƙi, tsohon kuma na tsukewa idan sababbin jini ba su shigo ba. Ƙari a kan haka, rayuwar wasan intanet na hannun mai na'urar da ke ɗauke da shi. Manhajar Mxit ta Afirka ta Kudu, wadda ta haɗa hira da wasanni a ƙananan wayoyi, ta rufe a 2016, duk abin da aka tara a cikinta ya tafi da ita.

Abin da ke sauƙaƙa ƙaura shi ne abokai su tafi tare, kuma masu tsara wasa su bar umarnin da aka saba da su su ci gaba da aiki. A nan dara ta fi su kwanciyar hankali, domin gurabe 30 a ƙasa da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa sun isa, kuma babu kamfanin da zai rufe ta.