Inda Kiristocin ƙasarmu ke sauke kayan damuwa

Duk ɗan kasuwar da ya ga ranar 12 ga Janairu 1994 bai manta da ita ba: an kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100. A shekarun nan ne kuma ma'aikacin gwamnati kan share wata da watanni yana jiran albashi. Daga baya Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya suka yi ta kwana a hanyar Ɗan Isa. Kowa ya san abin da irin wannan ke haifarwa: barci ya ƙaurace, tuwo ya ƙi haɗiyuwa, maigida ya dinga faɗa da iyali ba dalili.

Kowa da inda yake kai kukansa. Yau za mu leƙa wajen maƙwabtanmu Kirista, waɗanda bisa ƙidayar 2012 ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar Nijar ba, amma tushensu a ƙasar Hausa ya daɗe. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa zama a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Saboda haka da harshenmu suke roƙo, kuma wanda ya wuce ta ƙofar majami'a zai ji kalmomin da ya saba da su: Allah, addu'a, haƙuri, albarka.

Wurare biyu ne cikin littafin nan fastoci suka fi komawa idan zancen damuwa ya taso. Na farko sura ta 6 ta Matiyu, inda Yesu ya buga misali da tsuntsaye, waɗanda ba su da gona ko rumbu amma ba su kwana da yunwa. A ƙasar da manomi ke auna shekararsa da yawan dammunan geron da ya zuba a rumbu, misalin nan ba ya bukatar dogon bayani. Na biyu wasiƙar Bulus ce zuwa ga Filibiyawa, wadda ya rubuta yana tsare. A ciki ya umarce su su kai bukatunsu gaban Allah tare da godiya. Masu wa'azi kan tsaya a kan godiyar nan, suna cewa wanda ya fara lissafa abin da yake da shi kafin ya ambaci abin da ya rasa, ya riga ya rage wa tsoro ƙarfi.

Amma a ganina, abin da ya fi aiki yana cikin taron addu'a na tsakiyar mako. Bayan waƙa da karatu, sai mai jagora ya tambaya ko akwai mai bukata. Nan ne mutum zai miƙe ya ce ɗansa ba lafiya, ko bashi ya kai masa iya wuya, ko an yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa da iyali. Ku duba fa, mu mutane ne masu rufin asiri. Ɗan kasuwa da sunansa yake cin bashi, ran da aka ji ya karye babu mai ba shi ko buhu ɗaya, don haka yakan haɗiye ciwonsa har ya kwantar da shi. A taron nan an ba shi wurin da faɗar matsala ba abin kunya ba ne, tun da Allah ake gaya wa, jama'a shaidu ne kawai. Kuma shaidun suna da kunne. Sau da yawa wadda aka yi wa addu'a da dare, kashegari sai ta ga ƴan zumuntar mata a ƙofar gidanta da tiyar gero ko kuɗin magani.

Kada dai a ɗauka addu'ar tana biyan bashi ko tana buɗe iyaka. Tsofaffin majami'u ba su yi wa kowa wannan alkawari ba, har sukan yi tir da masu wa'azin da ke cewa a ba da baiko mai yawa a wayi gari attajiri. Damuwar da ta kai mutum ga daina ci da magana kuwa ta zama ciwo, kuma mutanen da suka gina Galmi ba za su hana shi ganin likita ba.

An gwada bangaskiyar nan a Janairu 2015. A zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u a Damagaram ranar 16, a Yamai kuma ranar 17, inda hukuma ta ƙirga 45. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu. Iyalai da dama suka bar gidajensu, wasu maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Shugabannin ikilisiya suka yi kira ga mabiyansu su yafe, kada kowa ya ɗauki fansa. Cikin makonnin da suka biyo baya, wasu ikilisiyoyi sun koma yin sujada a farfajiyar gine-ginen da suka ƙone, ƙarƙashin rumfa, kafin a tara kuɗin sabon rufi.