A Yi Hattara da Malamin da Ba Ya Son Tambaya

Kwanan baya na kalli fim ɗin Jim Jones, Ba'amurken da ya sa mabiyansa fiye da 900 suka halaka da guba a ƙasar Guyana a 1978. Wallahi sai na tuna Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda rikicinsa ya ci rayuka sama da 4,000 a Kano a Disambar 1980. Yayana ya tafi cin rani can, ya faɗa hannunsu a 'Yan Awaki, har yau ba mu ga ko gawarsa ba.

Jama'a, yayana ba wawa ba ne. Baƙo ne mai yunwa, aka ba shi tuwo da makwanci, aka ce shi zaɓaɓɓe ne, sauran mutane ɓatattu. Dabarar ke nan ko'ina. Duk malamin da ya raba ɗanka da kai, ya hana shi tambaya, to ka janye shi tun da wuri. Allah ya kiyaye, amin.

Wani ɗan tireda,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.