20,000 (lamba)

20,000 (dubu ashirin, ko zambar ashirin a tsohon ƙidaya) lamba ce da ke zuwa bayan 19,999 kuma kafin 20,001. A ƙasar Hausa ta yi suna a zamanin kuɗin wuri, domin ita ce adadin da ake kira keso.

Siffofinta a lissafi

20,000 cika ce, ba mara ba, wato tana rabuwa gida biyu daidai. Idan aka yi ta rarraba ta har zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, 2 da 5 kaɗai ake samu: 2 sau biyar, 5 sau huɗu. Ke nan 32 × 625 = 20,000.

Lambobi 30 ne ke raba ta ba tare da saura ba, daga cikinsu akwai 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 100, 625 da 10,000. Jimillar dukkansu 49,203 ce. In aka cire ita kanta, saura 29,203, wanda ya zarce 20,000. Saboda haka tana cikin rukunin lambobi masu yalwa.

Ba murabba'i ba ce, domin ta faɗa tsakanin 141 × 141 (19,881) da 142 × 142 (20,164). Amma ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya uku: 100² + 100², da 140² + 20², da 124² + 68².

Lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da ita 2,262 ne. Mafi kusa da ita su ne 19,997 da 20,011. A tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta ana rubuta ta 100111000100000.

A kasuwancin ƙasar Hausa

Kafin zuwan kuɗin Turawa, da wuri ake ciniki a kasuwannin Katsina, Daura da Kano. Wurin nan ba a shirya shi a zare ba, don haka sai an zube shi a ƙasa an ƙirga biyar-biyar. Manyan kuɗi kuwa ana ɗaure su a buhun saƙa mai cin wuri 20,000.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga irin wannan ƙirga a Tasawa, da ke Nijar a yau, a shekarar 1851. Ya kuma rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, wato keso guda dala takwas ke nan.

Yawan lambobin da ke raba 20,000 ya sauƙaƙa wa fatake lissafi. Rabin keso 10,000 ne, rubu'insa 5,000, humusinsa 4,000, sumuninsa 2,500, duk ba saura. Sai dai ba ya rabuwa gida uku: in mutum uku suka raba shi, kowa zai ɗauki 6,666, wuri biyu su rage.