Lissafin Gadon Jini: Yadda Za Mu Ƙidaya Sikila A Ƙauyenmu

'Yan'uwa manoma, kowa ya san abin da aka shuka shi kan tsira. Haka yake ga jinin mutum. Kowane yaro yakan gāji ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A zancen amosanin jini, wato sikila, ƙwayar lafiya ana kiranta A, ta ciwon kuwa S. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da irin. Mai SS shi ne mai ciwon.

Ga yadda ake lissafi. A ce an auna jarirai 100, aka sami AA 74, AS 24, SS 2. Da yake kowa yana da ƙwaya biyu, duka 200 ke nan. Masu AS sun ba da S 24, masu SS sun ba da 4, jimla 28. To, 28 cikin 200 daidai yake da 14 cikin 100. Wannan shi ne yawan S a garin.

A shekarar 1908 masana biyu, Hardy na Ingila da Weinberg na Jamus, suka nuna amfanin wannan adadi. In aka riɓa 14 sau 14, za a sami 196 cikin 10,000, wato kusan yara 2 cikin kowane 100 da za a haifa nan gaba za su zo da SS, muddin ana aure ba tare da gwaji ba.

Me ya sa irin bai ƙare ba? A 1954 wani likita, Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka inda sauro ya yi yawa, S yakan daɗe. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS.

Sai mu lura. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na SS. Ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa kaɗai ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su kai samari da 'yammata asibiti a auna jininsu tun kafin a kai kayan tambaya. Manomin kirki yakan duba irinsa kafin damina ta faɗi.